Tarihin John Falconer, masanin da ya fara tsara duwatsun Arewacin Najeriya

A duk lokacin da masana ilimin duwatsu suka zauna tattauna batun man fetur na yankin Kolmani, ko kuma dalilin da ya sa rijiyar burtsatse ke ba da ruwa a wannan gari ta ƙafe a wancan, akwai wasu sunaye da ba sa barin bakinsu. Daga ciki akwai dutsen yashi na Bima, da na Gombe, da na Kerri-Kerri, sai kuma Tsohon Giranit da Sabon Giranit.

Asalin waɗannan sunaye a fagen ilimi yana komawa ne ga wani littafi da aka buga a birnin Landan a shekara ta 1911, da kuma mutumin da ya rubuta shi, wato Dakta John Downie Falconer, ɗan yankin Skotland na ƙasar Biritaniya.

Shi dai Falconer ya shafe shekaru biyar yana zagaya Arewacin Najeriya a kan doki, yana duba duwatsu da kwaruruka da gaɓar koguna. Daga bisani shi ne ya zama shugaban farko na hukumar binciken duwatsu ta Najeriya. Ya tsara duwatsun kwarin Binuwai da na Gongola bisa ga wanda ya riga wani samuwa, amma ya mutu kafin masana su fahimci abin da ya tsaga ƙasar har aka samu wannan kwari.

Asalinsa da karatunsa

An haifi John Falconer a ranar 1 ga watan Nuwamba na shekara ta 1876 a gundumar Midlothian da ke kewayen birnin Edinburgh. Ya yi karatu a jami'ar birnin, inda ya kai ga samun digirin dakta a fannin kimiyya. Ya kuma yi aiki a matsayin mataimaki ga Farfesa James Geikie, wanda ya yi suna saboda bincikensa a kan zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai.

Birnin Edinburgh na da dogon tarihi a wannan fanni. A nan ne James Hutton ya rayu, wanda a shekara ta 1788 ya nuna wa abokansa wani gaɓar teku a gabashin birnin, inda shimfiɗun dutse na ƙasa suke a tsaye, na samansu kuma a kwance. Hutton ya bayyana cewa na ƙasan sun kwanta ne tun da farko, daga baya ƙasa ta motsa ta tayar da su tsaye, ruwa ya zaizaye kansu, sannan wasu sababbi suka kwanta a bisansu. Ma'ana, akwai dogon zamani a tsakanin shimfiɗun biyu.

Tun kafin Hutton da ɗaruruwan shekaru, malaman duniyar Musulmi sun yi irin wannan nazari. Ibn Sina ya lura a cikin Kitab al-Shifa cewa wasu tsaunuka an jera su ne hawa-hawa, kowane hawa da lokacin da ya kwanta. Shi kuwa al-Biruni, da ya dubi filayen ƙasar Indiya, ya ga cewa duwatsun da ake tonowa manya ne a kusa da tsaunuka, suna raguwa idan an yi nisa, har su koma rairayi a kusa da teku. Daga nan ya fahimci cewa koguna ne suka cike wurin da kayan da suke ɗaukowa.

Aikin Falconer na farko da aka buga ya shafi duwatsun aman wuta na tsaunukan Bathgate da Linlithgow, a yammacin Edinburgh. A shekara ta 1907 aka zaɓe shi cikin ƙungiyar masana ta Royal Society da ke birnin, a lokacin kuwa tuni ya fara aiki a Najeriya.

Zuwansa Arewa

A shekara ta 1904 ne gwamnatin Biritaniya ta kafa tawagar binciken ma'adinai ta Arewacin Najeriya, ƙarƙashin kulawar cibiyar Imperial Institute da ke Landan, aka kuma ɗora Falconer a kan jagorancinta yana ɗan shekara 27 zuwa 28.

Ya iso ne ƙurar yaƙi ba ta gama kwantawa ba. Sojojin Lugard sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, Katsina kuma ta miƙa wuya ba tare da an gwabza ba. Hedkwatar mulkin tana Zungeru, kuma babu layin dogo zuwa Kano, domin sai a shekara ta 1911 ya isa can.

Manufar tawagar a fili take. Turawa na son sanin irin arzikin da ke ƙarƙashin ƙasar da suka mamaye, musamman kuza, wadda kamfanin Neja ya riga ya fara nema a tsaunukan Jos. Samfurin duwatsu da na ƙasa da aka tattara, Landan ake aika su domin a gwada a ga ko suna da amfani ga masana'antun Biritaniya.

Aikin kuwa ba ya yiwuwa sai da mutanen ƙasa. 'Yan alaro ne ke ɗaukar kaya da buhunan duwatsu a ka, tafintoci ke fassara, 'yan rakiya daga sarakuna da hakimai ke nuna hanya. Maƙera da masu haƙar rijiya da masu narkar da tama sun riga sun san inda kowace irin ƙasa take. A Riruwai da Liruwen Dalma an daɗe ana narkar da kuza ana sayar da ita ga fatake tun kafin zuwan Bature.

Tsakanin 1904 da 1909 Falconer da abokin aikinsa Arthur Longbottom sun ratsa lardunan Arewa. Longbottom bai ga fitowar sakamakon aikin ba, domin ya mutu kafin a buga littafin, sai dai an sanya bayanansa a ciki da sunansa.

A shekara ta 1911 Falconer ya fitar da littattafai biyu. Na farko shi ne The Geology and Geography of Northern Nigeria, wanda ya ƙunshi bayanin duwatsu da yanayin ƙasar Arewa tare da taswira. Na biyu, On Horseback through Nigeria, labarin tafiye-tafiyensa ne a kan doki, wanda ya rubuta domin jama'ar Biritaniya.

Dutsen Bima da yashin tsofaffin koguna

Dutsen Bima yana gabashin kogin Gongola, kusa da Dadin Kowa a jihar Gombe ta yanzu. Sunansa ba baƙo ba ne ga masu nazarin tarihin Daular Usmaniyya, saboda matsayin da yake da shi a ruwayoyin da suka shafi bayyanar Mahadi. A wannan kwari na Gongola ne kuma garin Burmi yake, inda sojojin Biritaniya suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a watan Yulin 1903, shekara guda kafin a kafa tawagar Falconer.

Da sunan wannan dutse Falconer ya kira wani rukunin dutsen yashi mai kauri da ya mamaye yankin, kuma sunan bai canza ba har yau.

Dutsen yashi dai rairayi ne da tsakuwa da suka daɗe a binne har suka manne suka zama dutse. Hanyar gane cewa kogi ne ya kawo su ba ta da wuyar fahimta ga duk wanda ya taɓa tona yashin rafi da rani domin neman ruwa. A gefen ramin za a ga tsakuwa a ƙasa, rairayi mai kaushi a bisanta, sai mai laushi, sannan ɗan siririn laka a sama. Wannan aikin ambaliya guda ke nan: lokacin da ruwa ke da ƙarfi yana ajiye masu nauyi, idan ya lafa sai masu sauƙi su kwanta. Ambaliya ta gaba ta sake jera nata a kai.

Haka kuma akan ga wasu siraran layuka a karkace a cikin yashin. Waɗannan alama ce ta tudun rairayi da ruwa ke turawa gaba a ƙarƙashin kogi, kuma inda suka karkata nan ruwan ya nufa. Irin waɗannan alamu ne suka cika jikin dutsen yashin Bima, tare da tsakuwa mai sulɓi da ruwa ya goge, da gutsattsarin itatuwa da suka zama dutse.

A bisa wannan yashi, a wurare da dama na kwarin Gongola, akwai dutsen farar ƙasa da daskararriyar laka, a cikinsu kuma akwai ƙoƙunan halittun teku. Henry Woods na jami'ar Cambridge ne ya yi nazarin waɗanda tawagar ta tattaro, bayaninsa kuma ya fito a ƙarshen littafin Falconer. Daga cikinsu akwai amonayit, wata halittar teku mai naɗaɗɗen ƙoƙo kamar na dodon koɗi, wadda ta ƙare daga doron ƙasa tun kimanin shekaru miliyan 66 da suka wuce. Woods ya sa wa wasu daga cikinsu sunayen da ke ɗauke da Najeriya da Gongila.

Wannan jeri yana ba da labari a tsare. Da farko koguna sun zuba yashi a wurin. Daga baya teku ya shigo ya rufe shi. Bayan tekun ya janye, sai aka samu yashi da yumɓun da Falconer ya danganta da Gombe. A can sama kuma akwai wani dutsen yashi da ke kwance shimfiɗe a kan na ƙasansa da suka lanƙwashe, wanda aka rubuta da Kerri-Kerri, daga sunan al'ummar Karekare. Wannan kwanciya ta sabo a kan lanƙwasasshen tsoho, ita ce irin alamar da Hutton ya nuna a gaɓar tekun Skotland.

Tudun Katsina: Kankiya da Kusada

Yashi ba ya taruwa a kwari sai an samu tudun da aka zaizayo shi daga can. A nan ne ɗaya ɓangaren aikin Falconer ya shafi tsakiyar ƙasar Hausa kai tsaye.

Garin Kankiya, mai nisan kimanin kilomita 60 daga birnin Katsina a kan hanyar Kano, da maƙwabciyarsa Kusada, suna zaune ne a kan abin da masana ke kira dutsen tushe. Wannan shi ne tsohon dutse mai tauri da dukkan sauran shimfiɗun suka kwanta a kansa. A kwarin Gongola sai an nutsa dubban mitoci kafin a taɓa shi, amma a tsakiyar jihar Katsina yana kusa da fuskar ƙasa, a wasu wuraren ma ya fito fili a matsayin fa ko tsauni. Yankin na kusa da tudun da ke raba ruwa biyu, inda wasu rafuka ke gangarawa yamma zuwa Rima da Kwara, wasu kuma gabas zuwa Haɗejiya da Tafkin Chadi.

Falconer ne ya fara raba giranit na Arewa gida biyu. Giranit shi ne dutsen nan mai tauri da ake fasawa a yi tsakuwar gini da ta titi. Wanda ke cakuɗe da dutsen tushe a faɗin ƙasar Katsina da Kano da Zazzau, ya kira shi Tsoho. Wanda kuma ya keto daga baya a tsaunukan Jos da Riruwai da makamantansu, ya kira shi Sabo, kuma shi ne mai ɗauke da kuza. Gwaje-gwajen zamani da aka yi bayan mutuwarsa sun nuna cewa Tsohon yana da kimanin shekaru miliyan 600, na yankin Jos kuwa kimanin miliyan 160 zuwa 170.

Ya kuma yi bayani a kan tsaunukan nan masu sanƙo da ke tsaye su kaɗai a tsakiyar fili, irin waɗanda ake gani a sassa da yawa na ƙasar Katsina. A fahimtarsa, abin yana faruwa ne a mataki biyu. Da farko ruwa na ratsa dutsen a ƙarƙashin ƙasa yana ruɓar da shi, amma ruɓewar ba ta tafiya daidai: inda dutsen ke da tsaga tana yin zurfi, inda yake dunƙule kuma ba ta cin sa sosai. Daga baya, idan ƙasa ta ɗaga, koguna suka samu ƙarfi, sai su kwashe ruɓaɓɓen su bar mai taurin a tsaye. Masu nazarin siffar ƙasa a Afirka da Ostireliya suna ambaton littafin na 1911 a cikin wuraren farko da aka fayyace wannan ra'ayi.

Ruɓaɓɓen dutsen da koguna suka kwashe daga irin wannan tudu bai ɓace ba. A arewacin jihar Katsina, zuwa Zamfara da Sakkwato da cikin Jamhuriyar Nijar, akwai shimfiɗar tsakuwa da yashi da yumɓu da masana suka sa wa sunan Gundumi. Tsofaffin koguna da tafkuna ne suka ajiye ta kai tsaye a kan dutsen tushe, a zamanin da bai yi nisa da na yashin Bima ba, kuma ita ma ana samun itatuwan da suka zama dutse a cikinta.

Wanda bai kwashe ba kuwa, shi ne abin dogaron mai haƙar rijiya a Kankiya da Kusada. Dunƙulallen giranit ba ya riƙe ruwa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a irin wannan yanki yana taruwa ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, wanda sau da yawa kaurinsa bai wuce 'yan gomomin mitoci ba, da kuma cikin tsagogin dutsen da ke ƙasansa. Shi ya sa za a haƙa burtsatse biyu a unguwa ɗaya, wannan ta yi ruwa, waccan ta ci karo da dutse busasshe. Shi ya sa kuma garuruwan yankin ke buƙatar madatsun ruwa domin tare ruwan damina, ake kuma auna ƙasa da na'ura kafin a kafa injin haƙa.

Glasgow da komawa Najeriya

A shekara ta 1911 Falconer ya zama malamin labarin ƙasa a jami'ar Glasgow. Farfesan ilimin duwatsu na jami'ar a lokacin shi ne John Walter Gregory, wanda ya yi tafiyar bincike a Gabashin Afirka a shekarun 1892 da 1893, ya kuma fitar da littafinsa The Great Rift Valley a 1896.

Gregory ne ya raɗa wa irin wannan kwari sunan da aka san shi da shi a Turance. Bayaninsa shi ne, idan ɓawon ƙasa ya ja ta gefe biyu, yakan tsage a layi biyu, yankin da ke tsakiya kuma ya nutse, ya bar gaɓa mai tsayi a dama da hagu. A Kenya da Habasha abin a bayyane yake ga ido, domin tsagewar sabuwa ce. A Binuwai kuwa tsohuwa ce ƙwarai, yashi da laka sun cike ramin, zaizaya ta shafe gaɓoɓin. Ko da yake mutanen biyu sun yi aiki a jami'a ɗaya, sai bayan shekaru kusan arba'in aka fara kallon Binuwai a matsayin kwarin tsagewar ƙasa.

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Falconer ya koma Najeriya a shekara ta 1916 a matsayin jami'in mulki. Da aka kafa hukumar binciken duwatsu ta Najeriya a 1919, shi aka naɗa shugabanta, ya kuma riƙe muƙamin har zuwa 1927.

A waɗannan shekaru kuza ce ta cinye mafi yawan lokacin hukumar. Rahotonta na farko, wanda Falconer ya rubuta aka buga a 1921, ya shafi filayen kuza na Filato ne. A 1923 shi da Colin Raeburn suka fitar da wani a kan na arewacin lardin Bauchi. Wannan ilimi ya amfani kamfanonin Turawa da suka mamaye filayen, a daidai lokacin da sana'ar narkar da kuza ta gargajiya ta durƙushe.

Sai bayan tafiyarsa ne, daga ƙarshen shekarun 1920, hukumar ta mayar da hankali sosai ga ruwan sha, inda ta shiga aikin gina rijiyoyin kankare a lardunan Arewa. Rahoton Raeburn da Brynmor Jones na 1934 a kan duwatsu da ruwan yankin Chadi ya fito ne daga wannan aiki.

A ɗaya gefen teku

Bayan ya bar Najeriya, Falconer ya tafi ƙasar Urugwai a Kudancin Amurka, inda ya yi wa hukumar binciken duwatsu ta ƙasar aiki daga 1928 zuwa 1934. Ya zana taswirar shimfiɗun dutse na lardunan Cerro Largo da Tacuarembó a arewa maso gabashin ƙasar, rahotanninsa kuma sun fito da harshen Sifaniyanci a 1931 da 1937.

Duwatsun da ya yi aiki a kansu a can ana kiran su na Gondwana. Suna kama ƙwarai da na kudancin Afirka, tun daga tarkacen da tsohuwar ƙanƙara ta bari a ƙasa, har zuwa ƙasusuwan wata ƙaramar dabbar ruwa mai kama da kada, mai suna Mesosaurus, wadda ake samu a ɓangarorin biyu na Tekun Atilantika.

A daidai wannan lokaci ana tafka muhawara a kan dalilin kamannin. Bajamushe Alfred Wegener ya gabatar da ra'ayin cewa nahiyoyi a haɗe suke a da, daga baya suka rabu, a shekarun 1912 da 1915. Alexander du Toit na Afirka ta Kudu ya goyi bayansa da hujjoji daga nahiyoyin biyu a 1927 da 1937. Sai dai akasarin masana na Biritaniya da Amurka ba su karɓi ra'ayin ba, saboda ba a san ƙarfin da zai iya tura nahiya ba.

John Falconer ya mutu a shekara ta 1947 yana da kimanin shekara 70, muhawarar kuma ba ta ƙare ba.

Abin da aka gano bayansa

A shekara ta 1950 Lester King, wani masani a Afirka ta Kudu, ya bayyana Binuwai a matsayin kwarin tsagewar ƙasa mai alaƙa da rabuwar nahiyar Gondwana. A 1965 Cratchley da Jones suka ƙarfafa wannan da awon ƙarfin jan ƙasa a faɗin kwarin. A farkon shekarun 1970, bayan an amince cewa nahiyoyi na motsi, Kevin Burke na jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka haɗa labarin wuri guda.

Bayanin da masana suka tsaya a kai shi ne, fiye da shekaru miliyan 100 da suka wuce, Najeriya da arewa maso gabashin Burazil a manne suke. Ƙasa ta tsage ta fuska uku daga inda bakin kogin Kwara yake a yau. Tsagi biyu sun ci gaba da buɗewa har suka zama Tekun Atilantika. Na ukun, wanda ya nufi arewa maso gabas, ya buɗe na wani lokaci ya tsaya. Shi ne kwarin Binuwai, mai tsawon kusan kilomita 1,000, wanda a ƙarshensa ya rabu biyu: reshen Yola ya nufi Kamaru, reshen Gongola ya nufi yankin Chadi. Binciken Jean Benkhelil na shekarun 1980 ya ƙara da cewa ɓangarorin ƙasar sun riƙa gogar juna ta gefe, abin da ya haifar da ƙananan ramuka masu zurfi a cikin kwarin.

Wannan ne ya warware abin da ke da wuyar fahimta game da yashin Bima. Kogi ba ya iya tara yashi fiye da zurfin kwarinsa. Amma rahoton Carter da Barber da Tait na 1963, wanda ya raba Bima zuwa hawa uku, ya nuna cewa kaurinsa a wasu wurare ya kai kimanin mita 3,000. Hakan na yiwuwa ne kawai idan ƙasan kwarin na ci gaba da nutsewa a hankali, koguna kuma na ci gaba da cike shi. Hawan ƙasa ya ƙunshi manyan tsakuwoyi da suka gangaro daga gaɓar tsagin, da lakar tafkuna. Hawa biyu na sama kuwa yashin manyan koguna ne masu rassa da yawa, waɗanda suka bazu bayan girgizar ta lafa.

Tekun da ya biyo baya, kimanin shekaru miliyan 95 zuwa 90 da suka wuce, ya ratsa ta Sahara ne ya haɗa tekun arewa da na kudu. Lanƙwasar shimfiɗun kuma ta faru ne daga baya, lokacin da aka matse kwarin ta gefe biyu.

Ruwa, siminti da mai

Kowane hawa na jerin da Falconer ya fara tsarawa yana da amfaninsa a yau. Dutsen yashin Bima na riƙe ruwa a tsakanin ƙwayoyinsa, kuma rijiyoyin burtsatse da dama a jihohin Gombe da Adamawa daga cikinsa suke ja. Dutsen farar ƙasar da tsohon tekun ya bari shi ne ya sa aka kafa masana'antar siminti ta Ashaka, kusa da Burmi, wadda ta fara aiki a 1979. Kwal ɗin Maiganga kuma yana cikin shimfiɗar Gombe ne.

Batun man fetur shi ma ya rataya ne a kan wannan jeri. Ana buƙatar laka mai ɗauke da ragowar halittu wadda aka binne da zurfi har zafi ya dafa ta, da dutsen yashin da man zai taru a ciki, da kuma wata lakar a sama da za ta hana shi tserewa. Irin waɗannan kwaruruka na tsagewar ƙasa su ne suka ba da mai a yankin Muglad na Sudan daga 1999, da Doba a Chadi daga 2003, da Agadem a Nijar daga 2011.

A reshen Gongola, kamfanin Shell ya haƙa rijiyar gwaji ta farko a Kolmani a 1999, inda ya samu iskar gas. A watan Oktoban 2019 kamfanin mai na ƙasa NNPC ya ba da sanarwar samun mai da gas a rijiya ta biyu, a kan iyakar jihohin Bauchi da Gombe. A watan Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a wurin.

Wannan ilimi ne kuma ke nuna inda bai kamata a sa rai ba. A kan dutsen tushe irin na Kankiya da Kusada babu shimfiɗun da za su dafa mai ko su adana shi. Arzikin irin wannan ƙasa yana cikin dutsen gini da yumɓu da sauran ma'adinai, babbar buƙatarta kuma ita ce sanin inda ruɓaɓɓen dutse ya yi kauri domin a samu ruwa.

An gyara abubuwa da yawa a cikin littafin Falconer, musamman shekarun da ya ƙiyasta wa wasu shimfiɗun, domin a zamaninsa babu na'urar auna shekarun dutse. Hukumar da ya fara jagoranta ta yi shekaru da yawa da hedkwata a Kaduna, yanzu kuma tana Abuja da sunan Hukumar Binciken Duwatsu ta Najeriya. Ɗaliban wannan fanni daga jami'o'in Zariya da Jos da Maiduguri da Bauchi suna zuwa kwarin Gongola domin koyon aikin fili, inda suke auna shimfiɗun Bima hawa-hawa, suna rubuta su da sunan da aka ba su a 1911.